Ruwan Saje a Cikin Jakata

Da Allah zai ba ni ikon komawa baya in gyara abu ɗaya, ba zan taɓa maganar aure ko ta sana'a ba, ko da yake a can ma na yi ɓarnata. Wata safiyar Asabar zan koma, a tashar Unguwa Uku, in kwance bakin jakata, in ciro jarkar ruwan maƙwabcina in miƙa masa, in ce ya rataya abarsa. Iyakarta ke nan. Ban yi ba. Abin da ya biyo baya shi nake so in rubuta tun idona yana ganin layin takarda.

Ni mai ɗinkin kujerun mota ne. Karatuna bai wuce firamare ba, sai na allo. Rumfata tana Gyaɗi-Gyaɗi, inda 'yan tasi da 'yan acaɓa suke kawo mini kujerun da soso ya leƙo. A shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula, wannan miƙawar ta baya-bayan nan, ina haya a Tarauni, a gida mai ɗakuna a jere da famfo ɗaya a tsakar gida. Ɗakin da yake kallon nawa na wani tsohon soja ne mutumin Filato, Kirista, da matarsa malamar firamare. Kowa Saje yake ce masa, don da wannan muƙamin ya bar aiki, ita kuma Mama. Ya girme ni nesa ba kusa ba. Gadi yake yi a wani kamfani. Bai taɓa kirana da sunana ba, sai Tela, don ya san ina jin haushi.

"Ni ba tela ba ne, Saje. Kujerar mota nake ɗinkawa."

"Kana da keke? Kana da zare? To, Tela."

Farauta ce ta haɗa mu. Ba irin ta kiɗa da gayya ba, wadda ake cika manyan motoci a yi mako a daji. Mu 'yan kaɗan ne, da karnukanmu da bindigogin toka. Mukan fita bayan sallar asuba, mu sauka a wani daji mai duwatsu can bayan Rano, mu dawo gida a ranar. Zomo, fakara, zabin daji, in an yi sa'a gada. Shugabanmu wani dattijo ne daga Hotoro, Baba muke ce masa. Shi ya mayar da fitarmu ranar Asabar saboda Saje, don Lahadi yana coci.

Baba ba shi da dokoki da yawa, amma akwai guda wadda ba ya ɗagawa: kowa ruwansa a jikinsa. Kowane mafarauci yana da burgami, wato jakar fatar akuya da ake ratayawa a hammata, da gorarsa ko 'yar jarkarsa. Ko ɗanka ka zo da shi, shi zai rataya nasa ruwan. Dalilin a fili yake. Da zarar karnuka sun tayar da nama kowa watsewa yake, ba wanda ya san da wa zai tsinci kansa idan rana ta take.

A wannan shekarar siyasa ta kwashe mana samari. Gari ya cika da fastoci, duk yaron da yake da ƙarfi da kare da wuƙa an ba shi riga mai hoto an saka shi a bayan motar kamfen. Su ne da ma suke ɗaukar nama mai nauyi, su ne suke bin sawu a guje. Aka bar mu, mu da gwiwoyinmu suka fara ƙara. Ina tsokanar Saje ina cewa, "An kore ku, ku koma bariki." Shi kuma ya ce, "Aro muka ba ku, Tela. Ku riƙe da kyau." Ban ga abin da aka riƙe da kyau ba. Yaran nan da yawansu ba su dawo daji ba, ba su kuma koma sana'a ba.

A daidai lokacin burgamina ya mutu. Fatar ta bushe ta tsage, maratayin ya ci mini kafaɗa har ya bar tabo. Na ce na gama da fata, jakar goyo zan saya. Saje ya ce ba zai bar ni in je ni kaɗai ba, za a cuce ni. Muka tafi kasuwar Tarauni wajen wani mai gwanjo da yake zube jakunkuna a kan buhu.

Masu zif da launi Saje bai ko kalle su ba. Ya ce in ƙasa ta shiga zif sau ɗaya, ka koma ɗaure jaka da igiya. Na ɗauko wata mai zanen kakin soja, ya fizge ta ya jefar.

"Ko da sojoji sun koma bariki, in suka gan ka da wannan sai ka yi tsallen kwaɗo daga nan har Gyaɗi-Gyaɗi."

Muka shiga juya jakunkuna ciki waje. Nan ni ma ina da abin cewa, don ɗinki aikina ne. Ina duba inda marataya suka haɗu da jikin jaka, in ja da manyan yatsuna in ga ko zaren zai buɗe baki. Ina duba gindin, ko ninki biyu ne. Shi kuma yana gwada ƙarafan ɗauri, yana lanƙwasa su, yana shinshina yadin ko ya taɓa jiƙewa ya ruɓe. Mai gwanjon ya gaji ya ce, "Alhaji, jaka za ku saya ko aure za ku nema mata?"

A ƙarshe biyu suka rage, duka na yadin tamfol, kore mai duhu. Ɗaya ƙarama, daidai ruwa da guzuri da 'yan tarkace. Ɗaya babba, mai ɗamara mai soso da ake ɗaurawa a ƙugu, da wata 'yar igiya a ƙirji. Saje ya sa aka cusa mata tsummokara da duwatsun da mai gwanjon yake danne buhu da su, ya goya mini, ya ja ɗamarar, ya ce in je ƙarshen layi in dawo.

"Ina nauyin yake? Kafaɗa ko ƙugu?"

"Wallahi ban ma ji shi ba."

"Mai kyau ce. Amma ɗauki ƙaramar."

"Don me?"

"Yini ɗaya za ka yi, ba Laberiya za ka ba. Duk wurin da ka bari a jaka sai ka nemo abin da za ka cusa."

Na ɗauki babbar. Na kai ta rumfa na ƙara bin marataya da zaren nailan, na shimfiɗa mata ledar kujera a gindi. Gaskiya ba ni da abin da zan zarge ta da shi. Ƙaya ba ta huda ta, dutse bai goge ta ba, ko zare ɗaya bai taɓa tashi ba. Sauran suna tafe burgami yana dukan haƙarƙarinsu, ni hannuwana biyu a sake. Na ishi kowa da yabonta.

Ana cikin haka hawan jini ya tayar wa Saje. Likita ya ba shi ƙwayoyi ya ce ya rage shiga rana. Ya daina fita da mu. In na dawo sai in tarar da shi a kan benci a ƙofar ɗaki yana jiran labari, yana tambayar karnuka ɗaya bayan ɗaya kamar 'ya'yansa. Na ce a raina tausayinsa nake ji. Akwai tausayin, amma akwai kuma cewa mun yi kaɗan, kuma ba wanda ya kai shi iya harbi. Wata Juma'a da yamma na same su shi da Mama tana tsince shinkafa a faranti, na kawo maganar.

Ta ce, "Malam, likita ya hana shi rana. Ka ga irin zafin da ake yi kuwa?"

"Mama, zaman nan ne zai kashe shi. Dube shi fa, kamar buhun da aka jingine."

Saje ya yi dariya har da tari. "Ka ji Tela. Ni ne buhu?"

"Ni zan ɗauki kayansa duka, jakata za ta ci. Bindiga kawai zai riƙe. Ƙafata ƙafarsa."

Ta ci gaba da tsince shinkafarta. Saje yana kallonta kamar yaron da yake jiran a ce ya je wasa. Can ta ce, "Yadda ka ɗauke shi, haka za ka dawo mini da shi."

Na ce in sha Allahu.

Da safe a tasha, muna jiran mota ta cika, na karɓi jarkarsa da ƙullin ƙwayoyinsa da burodin da Mama ta naɗe masa, na zuba a jakata. Baba yana tsaye yana riƙe da igiyar karensa, ya gani.

"Kai, mayar masa da ruwansa."

"Baba, ba shi da lafiya. Na yi wa matarsa alkawari ba zai ɗauki komai ba."

"Ɗauki burodin, ɗauki bindigar ma in kana so. Ruwa ba a ɗaukar wa mutum."

"Ai tare muke. Ina zan je in bar shi?"

Saje ya sa baki ya ce a bar Tela ya yi aikin jakinsa, tun da ya sayi mangala. Aka yi dariya. Baba bai yi ba. Ya dube ni ya ce, "To, ka ji abin da ka faɗa." Kwandasta ya buga mota, muka shiga.

Bazara ce sosai. Itatuwa sun zubar da ganye, duwatsun nan tun hantsi ba ka iya dafa su da tafin hannu. Muna tafe a hankali ni da Saje a gefen hagu, Baba da sauran sun yi dama da karnuka. Ya sha ruwa sau ɗaya ko biyu, ina juya masa baya ya zaro jarkar da kansa ya mayar. Yana cikin nishaɗi, yana nuna mini sawu, yana gaya mini duwatsun garinsu sun fi waɗannan tsayi.

Rana ta kusa takewa sai muka ji haushi daga nesa, kafin mu ankara gada ta ɓullo ta gabanmu. Saje ya ɗaga bindiga ya harba. Ta faɗi, ta tashi, ta ja ƙafar baya ta haye cikin duwatsu. Ya ce, "Na same ta! Bi ta, Tela!" Ya zauna a gindin wata bishiyar marke yana haki. Na ce yanzu zan dawo, na ruga.

Da burgami ne a hammatata, da na jefar da shi kafin in fara gudu. Kowa haka yake yi, don ba a gudu da shi. Wannan kuwa ta manne a bayana, ɗamara ta riƙe ta, ba ta girgiza, ba ta dukana. Na manta da ita kamar yadda mutum yake manta da rigar jikinsa. Shekaru na yi ina ba kaina labarin a haka, ina tsayawa a nan.

Amma ba a nan ya tsaya ba. Bayan na haye tudu na farko na gangara na haye na biyu, ƙishi ya kama ni. Na sauke jakar, na zura hannu, abin da na fara taɓawa jarkar Saje ce. Na ciro ta na riƙe. Na waiwaya, ban hango marken ba. Na dubi gabana, ga jini a kan dutse, ɗanye, ko ƙuda bai sauka a kai ba. Na ce gadar ba ta yi nisa ba. Na ce yana inuwa, soja ne, ya saba. Na mayar da jarkarsa, na sha tawa, na goya jakar na ci gaba. Da hankalina na yi.

Gadar ta ja ni nesa. Lokacin da na cim mata a wani lungu tsakanin duwatsu na yanka ta, azahar ta gota. Na naɗe ta na cusa a jakar, ta shige tsaf, har da sauran wuri. Ina jin daɗi. Ina tsara yadda zan zazzage ta a gaban Saje. Da na juyo sai duwatsun suka zama iri ɗaya. Na bi wannan kwari na ɓulla inda ban sani ba, na koma na bi wancan. Ina ta kira, ba amsa. Da na sami marken inuwa ta riga ta juya, bindigarsa tana jingine, shi ba ya nan.

Ƙahon Baba na ji daga gangare, busa mai tsawo, wadda ba ta nama ba ce. Na same su a wani busasshen rafi. Saje ya gaji da jira ya sauko neman ruwa, ya tona yashi da hannu har gwiwar hannunsa, bai tarar da ko laima ba. A bakin ramin karen Baba ya gan shi kwance. Bakinsa ya karkace, hannunsa na dama yana yashe kamar ba nasa ba. Idonsa a buɗe. Baba ya tallafo kansa yana ɗiga masa ruwan gorarsa, ruwan yana biyowa ta gefen baki.

Na sauke jakar. Sai da na fara ciro gadar kafin in kai ga jarkar, don tana ƙasa. Kowa ya gani. Baba ya karɓi jarkar, ya ji nauyinta a hannunsa, ya kwarara wa Saje a ka da ƙirji.

Da sanduna da riguna muka yi abin ɗaukarsa har bakin titi. A asibiti likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce. Na bi shi waje na tambaye shi ko ƙishi ne ya jawo. Ya ce mai hawan jini ko a kan gadonsa abin yana iya samunsa, amma rana da rashin ruwa ba su taimaka ba. Na ɗauki rabin maganar na farko na riƙe, na bar ɗayan a nan.

Mama da ta zo ba ta yi kururuwa ba. Ta tambaye ni yadda aka yi, na ce daji ya raba mu. Ta gyaɗa kai ta shiga wajensa.

Washegari aka raba gadar. A al'adarmu wanda ya fara harbi shi yake da cinya, kuma ba a hana mutum rabonsa don ba ya nan. Ni aka ba in kai, tun da gidanmu ɗaya. Har yau ina mamakin yadda na karɓa. Na tarar da Mama ta dawo ɗaukar zannuwa da kwano za ta koma asibiti. Na miƙa mata ledar na ce rabon Saje ne. Ta buɗe ta leƙa, ta dube ni.

"Malam, nama na ce ka kawo mini?"

Ta ajiye ledar a kan benci ta kulle ɗakinta ta fita.

Asabar ta zagayo na shirya, Baba ya aiko a ce mini in huta. Bai ƙara aikowa in zo ba, ni kuma ban tambaya ba.

Saje ya dawo gida ba ya tafiya sai an riƙe shi. Aikin gadi ya tafi. Na samo tsohuwar kujerar gaban mota na sake mata soso da leda, na yi mata ƙafafu, aka riƙa fito da shi tsakar gida a kai. Kullum in zan tafi rumfa sai na wuce ta gabansa, in na dawo haka. Mutanen cocinsu suna zuwa su yi masa waƙa da addu'a, suna yi mini godiya saboda kujerar. Ina amsawa.

A hankali harshensa ya ɗan saki. Ina zaune da fargabar ranar da zai ba Mama labari. Wata yamma tana makaranta ba ta dawo ba, ya yafito ni da hannun hagu. Na durƙusa kusa da shi. Maganar tana fita da ƙyar.

"Tela. Ka samu gadar?"

"Na samu, Saje."

"Babba?"

"Ba laifi."

Ya ce, "To." Ya mayar da kansa jikin kujerar. Bai ƙara tayar da maganar ba, kuma a iya sanina bai gaya wa kowa ba. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

Albashin Mama bai iya riƙe haya da magani ba. Da aka yi hutun makaranta suka tattara za su koma garinsu. Ni na ɗaure musu kaya a kan a-kori-kura, ni na ɗauki Saje na sa shi a gaba. Na yi niyyar in ja Mama gefe in gaya mata cewa daji bai raba mu ba, ni na riƙe jarkarsa a hannuna na mayar. Na buɗe baki na ce Allah ya kiyaye hanya. Ta ce amin, ta gode da ɗawainiya. Ban san ko ta sani ba.

Bai daɗe ba a can. Wani ɗan cocinsu ne ya tsaya a rumfata da kujerar babur, a cikin hira ya ce ai Saje ya rasu, har an binne. Na yi ta cewa zan je gaisuwa idan aiki ya yi sauƙi. Aiki ya yi sauƙi sau da yawa. Yanzu ban san ko Mama tana raye ba, ban ma san wanda zan tambaya ba, don duk waɗanda suka san su a Tarauni sun tashi.

Ina ganin samari yanzu da jakunkuna masu kyau, sun fi tawa, suna hawa mota za su daji ko hawan dutse. Ku zaɓi mai ƙarfi, ban hana ba, ku duba ɗinkin da kyau. Amma ina roƙonku, kowa ya riƙe ruwansa, komai tsufansa, komai son da kuke yi masa. In kuwa har larura ta sa kun karɓi na wani, to duk abin da ya gifta ta gabanku ku bar shi ya wuce. In kuma kun riga kun yi irin tawa, ku faɗa wa mai haƙƙin tun yana inda za ku same shi. Ni ban faɗa ba.